Firmin Mai Motar Tsintsiya

Yayana Firmin ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana bin bayan mutane. Shi ne direban motar tsintsiya a tseren keken da ake yi a yankinmu na Flanders, wato motar da take zuwa ƙarshe da tsintsiya ɗaure a kanta, tana kwasar 'yan tseren da ƙafarsu ta gaza. In ya cim maka sai ya tsaya, ya cire lambar da ke bayan rigarka, ya jefa kekenka a baya, ka shiga ka zauna da 'yan uwanka. Ainihin sana'arsa gini ce, irin ta babanmu. Amma ranar Asabar da Lahadi sai ya wanke tsohuwar motarsa, ya ɗaura mata tsintsiya, ya fita yana fito kamar mai zuwa biki.

Ni ce ƙanwarsa, Godelieve, wadda yake kira Lieve, mai shagon soyayyen dankali a dandalin Hemelbeke, daura da mashayar Marcella. Maganar da duk aka yi a garin nan, in ba ta shigo min ta ƙofa ba to ta shigo ta taga. Firmin ya rasu bara, kuma abin da zan faɗa a kansa sai da ɗansa ya ce in faɗa.

Hannunsa na kirki ne, bakinsa ne ba shi da linzami. A motarsa akwai barguna, akwai shayi mai zafi da sukari ya ji, akwai wainar shinkafa da yake saya da kuɗinsa don yaran da ya kwasa. Sai dai kafin ka kai bakinka ga shayin nan ka sha magana.

"Shigo, ranka ya daɗe, an share maka kujera tun safe," haka yake ce wa yaron da ke haki a gefen hanya. Ko ya ce, "Ka sayar da keken nan ka sayi akuya, ɗan samari, ko ba komai ka samu madara."

Mutanen gefen hanya suna son wannan. Wasu ma ba sa tafiya bayan ayari ya wuce, sai sun jira motar tsintsiya sun ji abin da zai faɗa. Na sha ce masa, "Yaya, wata rana bakin nan zai ja maka." Sai ya saci dankali ɗaya daga kwandona ya ce in kula da maina kada ya ƙone.

Ɗansa ɗaya ne, Wannes. Uwar yaron ta rasu yana ƙarami, don haka tsakanin gidan ubansa da bayan shagona ya tashi. Siriri ne, ba ya son magana, amma in ya hau keke ya fuskanci tudu sai ka rantse ba ya jin nauyin jikinsa. Sa'ansa a garin shi ne Gino, ɗan mahauci, ƙato mai faɗin kafaɗa. Tun suna yara tare suke tsere, kuma in dai akwai hawa a hanya to Gino bayan Wannes yake gani. Da suka girma kowannensu ya samu ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi. Marcella ta kafa hotunansu biyu a bango, magoya baya suka rabu gida biyu, kowane ɓangare da teburinsa da tutarsa da motar da suke haya su bi ɗansu duk inda za shi. Firmin ba ya yabon Wannes a gaban mutane, amma ni na san inda yake ɓoye guntayen jaridun da suka ambaci sunansa.

Sai shekarun nan suka zo da abubuwa suka juye. Firmin ne ma ya fara lura, don shi yake ganin ƙarshen kowane tsere. Wata Lahadi da yamma ya shigo shagona ya zauna, bai saci dankali ba.

"Lieve, yanzu fa ba malalata nake kwasa ba," ya ce. "Yaran da na san sun iya hawa su ne a motata. Ƙattin da a da nake tsinta a gindin tudu kuma su ne a gaba, suna hawa baki rufe, ko haki ba sa yi."

"To me ke faruwa?"

"Me kuwa? Ana kula da su." Ya ɗaga kafaɗa. "A zamanin babanmu ma ana haɗiyar 'yan ƙwayoyi. Ba yau aka fara ba."

A garinmu haka ake cewa, ana kula da shi, kuma ba wanda yake tambayar da me. Kowa ya ji ƙishin-ƙishin ɗin wata sabuwar allura mai ƙara jini, amma ba a faɗa da ƙarfi. Gino ya shiga cin tsere, teburin magoya bayansa ya cika har ana aron kujeru. Wannes kuwa kullum sai baya yake yi. Ya rame, ya ƙara motsa jiki, ya daina cin dankalina gaba ɗaya, duk a banza.

Ranar tseren bikin garinmu ta zo. Tsere ne na zagaye, ana bi ta dandali, a hau tudun injin niƙa, a sauko, a sake dawowa, har sai an cika adadi. Gari ya cika, ni kuma ina ta suya ƙofa a buɗe. Tun ba a kai rabi ba ayari ya wuce babu Wannes. Can sai ga shi shi kaɗai, kansa a ƙasa, motar ubansa tana biye da shi a hankali. Ka'ida ita ce in ayari ya yi maka nisa a tsayar da kai. Firmin bai tsayar da shi ba, ya bar shi ya sake zagayowa, wai ko zai farfaɗo. Mutane suka gane, suka fara dariya. Wani daga teburin Gino ya ɗaga murya ya ce, "Firmin, yau shara ta gida ce, ka kasa sharewa?"

Na ga fuskar yayana ta canja. Mutumin da ya yi shekaru yana sa a yi wa 'ya'yan wasu dariya, yau shi ake yi wa. Da suka sake zagayowa ya sha gaban yaron daidai ƙofar Marcella, ya fito, ya juya shi kamar ƙaramin yaro, ya fizge lambar har rigar ta yage.

"Shiga," ya ce. "Ka kunyata ni a ƙofar gidana. Ɗan mahauci da kake bari a gindin tudu shi ne yau a gaba. Kai waliyyi ne? Ko me Gino yake ci, ka je ka ci, ko kuma ka zo ka ɗauki cebur ka kwaɓa min siminti."

Aka yi dariya, har da tafi. Wannes ya ɗaga kekensa da kansa ya sa a baya, ya shiga ya zauna. Ni ina tsaye da matsami a hannu, raina ya ɓaci har na ƙona kwando guda. Da yamma na je har gida na wanke Firmin tas, ya ce wasa yake yi, kowa ya san bakinsa. Amma yayana ba yaro ba ne, ya san ba wainar shinkafa Gino yake ci ba.

Daga wannan shekara ba a ƙara kwasar Wannes a motar tsintsiya ba. Bai taɓa cin wani babban tsere ba, amma yana gamawa a tsakiyar ayari. Firmin ya riƙa bugun ƙirji a mashaya, wai maganarsa ce ta farkar da yaron, wai yaran yanzu sai an taɓa musu zuciya. Ba a daɗe ba Wannes ya ajiye keke ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Ya koma wani gari a bakin teku yana gyaran injin jiragen kamun kifi, ya auri wata yarinya mai hankali, Annemie, suka haifi yara biyu. Yana zuwa da Kirsimeti, ya gaida ubansa da ladabi, ya ci abinci, ya tafi. In aka kunna tsere a talabijin sai ya tashi ya fita duba motarsa.

Sai asiri ya tonu. 'Yan sanda suka shiga bincike, aka kama likitoci da masu tausa, aka samu kwalabe a cikin firji. Manya suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan ƙanana. Muka ga Gino a talabijin yana kuka yana cewa kowa ma yana yi. Aka soke nasarorinsa. Marcella ta hau kujera ta juya hotonsa ya fuskanci bango, ba ta cire ba, don ubansa yana shan giya a wurin. Kamfanonin da suke ɗaukar nauyin tsere suka janye, tseren bikinmu ya koma na 'yan koyo, iyaye suka kwashe 'ya'yansu suka kai su ƙwallon ƙafa. Gino ya dawo gida yana raba nama a mota, da wata na'ura a ƙirjinsa saboda zuciyarsa ba ta bugawa daidai. Waɗanda a da suke ɗaukarsa a kafaɗa suka koma tsallaka titi in sun hango shi, kuma wannan ma ya ba ni haushi.

Sunan Wannes bai fito a ko'ina ba. Nan garinmu ya yi lissafinsa irin na mashaya: wanda ya ci ya sha magani, wanda bai ci ba kuwa mai tsabta ne. Dare ɗaya yaron da aka yi wa dariya ya zama abin alfahari. "Da an yi gaskiya da Wannes ne zakara," haka kowa yake cewa, har da mutumin nan da ya yi maganar sharar gida.

Wannan yabo shi ya karya Firmin. Lokacin idonsa ya fara rauni, ya bar tuƙi. Sai ya zo shagona ya zauna a lungu, in zuba masa dankali ya huce a gabansa.

"Shi kaɗai ne mai gaskiya a cikinsu, Lieve, ni kuma na tsaya a gaban gari na yaga masa riga," ya ce min. "Yaro yana ta fama da ƙarfinsa, ubansa yana zaginsa. Wace irin zuciya ce da ni?"

"Ka kira shi ka ba shi haƙuri mana."

"A waya? A bainar jama'a na tozarta shi, a bainar jama'a zan wanke shi."

Ya samu abin yi. Ya bi tsofaffin magoya baya gida gida har suka yarda cewa a liyafar shekara, wadda ake cin nama da dankali a mashayar Marcella, za a kafa babban hoton Wannes a inda na Gino yake. Shi kuma zai miƙe a wurin ya roƙi ɗansa gafara kowa yana ji. Ya ba da hoto aka faɗaɗa, ya zaɓi katakon da za a zagaye shi da shi, ya riƙa maimaita jawabinsa a bayan shagona har na haddace. Na daɗe ban ga ya ci abinci da daɗi kamar a makonnin nan ba. Abu ɗaya ya rage, Wannes ya yarda ya zo. Firmin ya ce wannan ba maganar waya ba ce, ni zan tuƙa shi mu je.

Muka je ranar wata Asabar da hantsi. Duk hanya yana gyara min tuƙi, mutumin da ba ya iya karanta allon hanya. Annemie ta kawo mana kofi, ta ga yanayin surukinta, ta kwashi yara suka fita. Wannes ya shigo daga wurin aiki yana ɗan jan ƙafar hagu, ya sumbace ni ya ce, "Gwaggo, har yanzu kina ƙamshin mai." Na ce shi kuma yana warin kifi, an yi kunnen doki. Ya zauna yana fuskantar ubansa.

Firmin ya manta jawabin gaba ɗaya. Ya yi ta juya hularsa, ya faɗi maganar liyafa da hoto a birkice, sannan ya ce, "Na zalunce ka, Wannes. Ban san kai ne kake kan daidai ba. Ina so in faɗa a gaban kowa cewa ɗana bai taɓa taɓa abin nan ba, ni ne jakin."

Wannes ya daɗe yana kallon kofinsa.

"Baba, kada ku kafa hoton nan."

"Don me? Kunya kake ji? Ai ba sai ka yi magana ba, ni zan yi."

"Ranar da ka kwashe ni a ƙofar Marcella, gaskiya ne, ban taɓa shan komai ba. Sun sha kawo min, ina cewa a'a. Har tsokanata suke yi a ƙungiya, wai limamin coci." Ya ɗaga kai. "Wannan ce ranar ƙarshe da na hau keke da tsabtata. Satin da ya biyo baya na je wurin Gino na ce ya kai ni inda yake zuwa."

Ba wanda ya motsa.

"Amma ba ka ci ba," in ji Firmin, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ba ka taɓa cin komai ba."

"Ban ci ba. Kowa yana yi, ni kuma na makara, kuma ba ni da babban likita. Abin da allurar ta saya min shi ne in gama a tsakiya kada in shiga motarka." Ya dafa cinyarsa ta hagu. "Wannan da na ce maka faɗuwa na yi a jirgi, ba faɗuwa ba ce. Jini ne ya daskare a jijiya. Shi ya sa na bar tsere. Har yau ina shan magani kullum."

Tunda nake da Firmin ban taɓa ganin magana ta ƙare masa ba sai ranar.

"Ni na tura ka," ya ce daga baya.

"Ni na miƙa hannuna aka yi min allurar, Baba. Ba yaro ba ne ni a lokacin. Ban riƙe ka ba, na daɗe da daina fushi. Kawai dai ba zan iya zama a ƙarƙashin hoton nan ana tafa min ba, Gino yana wucewa da motar nama." Ya juyo gare ni. "Gwaggo, ke ma ina roƙonki. Yarana ba su sani ba. Ni zan faɗa musu da bakina in sun ƙara girma. Kafin nan kada maganar ta fita."

Muka yi alkawari. Da za mu tafi ya rako mu har mota, ya buɗe wa ubansa ƙofa, ya gyara masa bel ɗin kujera kamar yadda ake yi wa tsoho. Firmin ya kama hannunsa ya riƙe, shi ma yaron bai janye ba. A hanyar dawowa bai gyara min tuƙi ko sau ɗaya ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi, sai na ci gaba da tuƙi.

Liyafa ba ta fasu ba, don an riga an sayi nama. Mashaya ta cika, ga hoton a jingine a bayan kanta an lulluɓe shi da zane. Da aka gama ci Firmin ya miƙe, ya dafa tebur, ya ce Wannes yana gaida kowa, amma ba zai zo ba, kuma ya roƙa kada a kafa hotonsa.

Na zaci za a yi gunaguni. Marcella ce ta fara magana. "Kun ji ɗan halak," ta ce, tana share ido da gefen rigarta. "Ko yabon ma ba ya so." Wurin ya ɗauki tafi. Aka cika kofuna, aka ce a sha don Wannes, ɗan tsere ɗaya tilo mai tsabta da Hemelbeke ta haifa. Wani tsoho ya rungumo Firmin ya ce, "Kai ka yi tarbiyya, mutumina. Irin wannan daga gida ake samunta." Kowa ya ɗaga kofi yana jiransa. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ɗaga nasa ya sha.

Haka ya ƙarasa sauran shekarunsa. Duk sanda ya shiga mashaya sai wani ya saya masa giya don ɗansa, duk uban da yaronsa ya fara hawa keke sai ya kawo shi wurin Firmin ya ce a yi masa nasiha. Yakan dubi yaron ya ce ya riƙa cin abinci yana barci da wuri, daga nan ba ya ƙarawa. Mutane suka ce tsufa ya sanyaya masa baki.

Ranar liyafar ni na raka shi gida, ina riƙe da hannunsa saboda duwatsun hanya, hoton kuma a hammatata. A bakin ƙofa ya tsaya yana laluben makulli, ya kasa samun ramin.

"Lieve," ya ce, "da zagina suka yi da na samu sauƙi."

Na karɓi makullin na buɗe masa. Ya tambaye ni ko ina ganin ƙafar yaron tana yi masa ciwo in sanyi ya shigo. Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma ba shi da fuskar da zai tambaya.